Ruwan Ummu Haitham

A layinmu na garin Zarka, idan gidan Falah kake nema, kada ka ɓata bakinka da wannan suna. Ka ce Abu Haitham, za a tambaye ka wanne daga ciki. Ka ce Abu Haitham mai teku, ko yaron goye sai ya nuna maka ƙofa.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Karak, irin ƙauyukan da akuya ke ganin tulu ta miƙe tsaye don girmamawa. Ya shigo birni gemu bai gama fito masa ba, ya kama tuƙin tankar ruwa, kuma a kan wannan kujerar furfura ta same shi. Ruwan famfo ranar Talata yake zuwa layinmu, wanda tankinsa ya ƙafe kafin wata Talatar sai ya nemi su Falah. Wannan sana'a ta sa ya ɗauki ruwa tamkar ɗan da ya haifa. Idan ya je ta'aziyya ya tarar da famfo yana ɗiga, sai ya ɗaure shi tukuna sannan ya ce Allah ya ji ƙan mamaci. Da kofin shayi yake alwala, har ya rage na ɗauraye kofin. Abu Sakhar mai kanti, wanda tun suna samari ba sa haɗuwa a rabu ba a ja wa juna magana ba, cewa yake yi, "Falah ko kuka ya yi, tara hawayen yake ya zuba wa na'ana'a."

To irin wannan mutum Allah ya haɗa da 'yar bakin teku. Rasmiyya 'yar masunci ce a Aƙaba, ƙanwar wani abokin tuƙinsa. Tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali ta iya ninƙaya. Falah ya aure ta, ya ɗauko ta ya kawo ta wannan tudu, inda ruwa mafi girma da za ta gani shi ne na bokitin wanki. Ba ta bar masa wannan ba har tsufansu.

"Ka ciro kifi ka ajiye a kan dutse, Abu Haitham," in ji ta, "kuma kana tambayar me ya sa fatarsa take bushewa."

"Kifin da kansa ya biyo ƙugiya," in ji shi.

'Ya'ya biyu suka samu. Haitham aiki ya kai shi Kuwait, sai murya a waya. Ruwaida kuwa tana aure a unguwar da ke gaba da tamu. Shekarar da aka haifi Ruwaida ce Rasmiyya, wato Ummu Haitham, ta dasa lemun tsami a tsakar gida, ta rene shi da ruwan wankin shinkafa, har ya girma ya rufe rabin gidan da inuwa.

Da girma ya zo, sai ciwon gaɓɓai ya kama ta, gwiwa da ƙugu. Matar da take hawa saman ɗaki ta duba tanki kamar yarinya, ta koma sallah a kan kujera. Likita ya ce babu abin da zai sassauta mata irin motsa jiki a cikin ruwa mai ɗumi. Ta yi dariya ta ce, "To likita, sai ka rubuta masa ya mayar da ni gidan ubana."

Falah ya ajiye maganar a ransa. Akwai wani gida a Amman da ya daɗe yana kai wa ruwa, masu gidan za su tashi, kuma suna da wani ƙaton bahon ninƙaya da suka rasa yadda za su yi da shi. Ya sayar da tankarsa, wadda dama ƙafafunsa sun fara gajiya da ita, ya sayi bahon. Ranar da motar ɗaga kaya ta zo ta tsallakar da shi ta saman katanga, babu wanda ya dafa abincin rana a layin. Tsawonsa ya kai ƙaramar bas, zurfinsa iya ƙirji, a kansa akwai inji mai turo ruwa kamar kogi, mutum ya yi ta iyo yana nan wuri ɗaya.

Abu Sakhar ya zagaya shi hannu a baya, ya ƙwanƙwasa gefensa.

"Wato a yi ta wahala ba a je ko'ina ba? Ai da ka tambaye ni, na san wannan, sunansa zaman kanti. Jirgin ruwan kuma yaushe zai iso?"

"Ranar da ka fara auna sukari daidai."

"Kifi fa, a ajiye mini kilo biyu."

Daga ranar sunan teku ya bi gidan. Falah ya ƙara tsayin katanga da kwano don kada ido ya leƙa. Kullum bayan la'asar sai mu ji inji ya fara gurnani, can kuma matan maƙota su jiyo dariyar Ummu Haitham. Shi yana kan kujerar roba a gindin lemo, tawul a kafaɗa kamar yaron mai aski. Kafin damina biyu ta koma sallah a tsaye.

Kula da ruwan aikinsa ne, kuma bai yarda kowa ya sa masa hannu ba. Da safe ya tsoma 'yar takardar gwaji, ya ɗaga ta ga rana ya duba launi. Ya auna maganin ruwa da finjalin gahawa. Ranar Juma'a ya ciro matatar ruwan ya wanke ta a bokiti, ruwan wankin kuma ya share tsakar gida da shi. Ganye ɗaya bai isa ya kwana a ciki ba.

Sauya ruwan kuwa nata ne. Duk bayan wata uku sai ta ce ruwa ya gaji. Ta sa a daina zuba magani, a buɗe murfi rana ta shanye warin. Ranar Litinin, jajibirin zuwan ruwa, sai ta zauna a ƙofa kamar sarauniya, matan layi su yi jerin gwano da bokitai. Wannan ta wanke darduma, waccan matakala, kowace bishiyar zaitun da ke bakin titi ta sami bokiti ɗaya ko biyu, har tsohuwar motar Abu Sakhar takan ga wanka sau huɗu a shekara. Kafin magariba an rabe teku tas, ko ɗigo bai bi kwata ba. Talata a cika sabo.

Haka suka yi shekaru. Ranar nan, ƙarshen sanyi, ta yi iyonta kamar kullum, ta fito ya lulluɓe ta da tawul.

"Yau ruwan da ɗan sanyi, Falah. Gobe ka ƙara masa wuta."

"Tsufa ne dai, kada ki ɗora wa ruwa."

"Tsufan wa? Dubi mai magana."

Bayan magariba ta dafe ƙirji. Ba su kai asibiti da ita ba.

An yi kwana uku ana zaman makoki, ana zagayawa da gahawa mai ɗaci. Falah yana karɓar hannun mutane kamar wanda aka tasa daga barci. A rana ta uku, bayan la'asar, maza na zaune a rumfa sai muka ji inji ya tashi a cikin gida. Aka kalli juna. Ruwaida ce ta leƙa, ta same shi a kan kujerarsa da tawul a kafaɗa, yana kallon ruwa yana gudu shi kaɗai. Ya ƙara masa wuta kamar yadda aka ce masa.

Wata uku suka cika, mata suka fara fito da bokitai. Shiru. Ummu Sakhar ta aika a tambaya, ya ce ba yanzu ba. Wata shida, ya ce ba yanzu ba. Kowa ya gane, ba sai an faɗa ba: wannan ne ruwan da ta shiga na ƙarshe, kuma Falah ba shi da niyyar rabuwa da shi. Kayan sawarta an rabar, kamar yadda ake yi. Gadonta Ruwaida ta sauya masa shimfiɗa. Turarenta ya bi iska. Ruwan ne kawai ya rage da ya taɓa jikinta, kuma a hannunsa yake.

Abin da zafin bazara ya ƙafar, sai ya cike da sabo.

"Yaba," in ji Ruwaida wata rana, don Yaba da Yumma take kiran iyayenta, "ruwan da Yumma ta shiga ai rana ta shanye rabinsa."

"Rabin yana nan."

"Wata mai zuwa ta shanye rabin rabin."

"To sauran yana nan. Je ki duba shayin can."

Shi da ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa ya fi kowa sanin cewa ruwa ma yana tsufa. Da farko sheƙinsa ne ya tafi. Sai kumfa ta fara taruwa a gefe idan inji ya tashi. Sai bango ya fara santsi. Finjalin magani ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, ya haɗa da wani garin da ake cewa yana kwantar da datti, da wani mai kashe kumfa. Maganin ya daina kamawa, shi kuma bai daina zubawa ba. Kana shigowa gidan ido zai fara yaji. Fatar hannunsa ta soma saɓulewa, saboda kullum da safe sai ya tsoma shi har gwiwar hannu ya ji ɗumin. Tari ya kama shi, irin mai tashin maƙota. Haitham ya yi magana a waya har ya gaji. Ruwaida ta yi kuka, ta yi fushi, ta ƙaurace masa, ta dawo da tukunyar abinci.

Shekara ta zagayo. Wata la'asar Abu Sakhar ya rufe kanti ya shigo ba sallama, yadda ya saba. Ya tsaya a bakin baho, ya leƙa. Ruwan ya yi fari, ba a ganin ƙasa.

"Wannan kuma ai ya tashi daga teku, Abu Haitham. Miyar mansaf ce, farar miyar nonon nan. Bari in aika a kawo shinkafa da naman rago."

Falah bai ko murmusa ba. Abu Sakhar ya jawo bokiti ya kifa, ya zauna kusa da shi. Ya jira tarin Falah ya lafa.

"In tambaye ka, tsakaninka da Allah," in ji Abu Sakhar. "Da a ce yanzu ta fito daga ɗakin can ta ce za ta shiga, za ka bar ta?"

Falah ya kalli ruwan. Ya cire tawul daga kafaɗa, ya ninke shi a cinya, ya sake warwarewa.

"Da ta zage ni," in ji shi a hankali. "Da ta ce ko kare ba ta wanka da wannan."

Washegari matan da suka hau saman ɗaki shanya suka hango murfi a buɗe. Labari ya bi layi: Abu Haitham zai sauya ruwa. Ya daina zuba magani, ya bar rana ta yi aikinta, kamar yadda matarsa take sawa a yi. Kullum yana sunsunawa, warin yana raguwa.

Da niyyar rabo ya fara, wannan babu shakka. Abin da ya juya shi ba wani babban abu ba ne. Yana zaune a gindin lemo ya jiyo mata biyu ta bayan katanga suna shirin Litinin. Ɗaya ta ce ita darduma za ta wanke. Ɗayar ta ce ita dai bayin gidanta da akurkin kaji ne suka dame ta, bokiti huɗu ma sun ishe ta. Magana ce da aka yi irinta sau ba adadi a gaban Ummu Haitham, ita da kanta takan ƙara wa mai kaji bokiti. Amma ranar nan ta sauka a kunnen Falah daban. Ruwan Rasmiyya, a kashin kaji.

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ba mata, zuciyarsa ta ƙi. Ya saki a kwata, hannunsa ba zai iya ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zagin masu wanke mota da tiyo ba zai tsaya ya ga wannan ruwa yana bin titi ba. Sai idonsa ya tsaya a kan lemon. Ita ta dasa shi. Idan ya sha ruwan, ruwan bai bar gida ba. Zai hau cikin itacen, ya fito a ganye, ya fito a 'ya'ya, Ruwaida ta matsa a miya.

Ranar Lahadi da hantsi ya sa wa ƙofa sakata. Ya ɗauki fartanya ya faɗaɗa kwarin gindin lemo, ya yi masa ganuwa da ƙasa. Ya kashe wutar inji, ya ɗaura tiyo a mafitar ruwa, ya sake sunsunawa: babu warin magani ko kaɗan. Ya buɗe kaɗan-kaɗan, don ƙasa ta sami damar sha. Wuni guda yana tsugune yana riƙe da bakin tiyo, kwari ya cika ya toshe, ya tsotse ya sake buɗewa. Layin ruwa yana sauka a jikin baho, yana barin zobe fari bayan zobe fari. Bai ci komai ba. Da tiyo ya fara jan iska, sai ya rungume shi kamar zai hana shi ƙarewa.

Litinin mata suka zo da bokitai, Ummu Sakhar a gaba. Ya buɗe musu ƙofa, ya kasa haɗa ido da kowa. Suka ga baho wayam, tsakar gida ta zama taɓo. Matar nan mai kaji ta buɗe baki, Ummu Sakhar ta take mata ƙafa.

"Allah ya ji ƙanta, Abu Haitham," in ji ta. "Ku mu je."

Ruwaida ce ta shiga ta tsane ɗan abin da ya rage a ƙasa da soso, ta goge bangon. Ta ɗago kwanon ta tambaye shi da ido, ya nuna mata gindin lemo. Talata ruwa ya zo, ya ce ba zai cika ba sai wani makon. A kwanakin nan har fuskarsa ta ɗan saki. An gan shi a kanti yana cewa zaitun ɗin Abu Sakhar ya fi dutse tauri.

Sai ƙasa ta bushe. Wata safiya ya fito da shayinsa ya ga gindin lemo ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ya ɗaga kai, gefen ganye duk ya ƙone. Ya tsuguna, ya dangwala yatsa ya kai harshe. Mutumin da yake gane rijiya da ɗanɗanon ruwanta ba ya bukatar a yi masa bayani. Rana wari take shanyewa, ba ta shan gishiri. Duk finjalin da ya zuba shekara guda ya bar nasa a cikin ruwan. Da ruwan wata uku ne, an kuma raba shi bokiti-bokiti a layi, da babu bishiyar da za ta ji a jikinta. Shi kuwa na shekara ya tattara ya ɗura wa itace ɗaya.

Kofin shayin yana nan a ƙasa har azahar.

Talatar da ta biyo, duk ruwan da ya zo masa a gindin lemo ya ƙare, ko za a wanke gishirin ya yi ƙasa. Tankinsa na sama ko rabi bai cika ba. Can sai ga bakin tiyo ya leƙo ta saman katanga daga gidan Abu Sakhar, sai wani daga ɗaya gefen, daga gidan mai kaji. Babu wadda ta ce masa ga abin da ka yi mana. Ya kwashe farar ƙasar da hannu, ya kawo sabuwa a buhu, ya zuba taki. Mako bayan mako haka. Amma ƙananan 'ya'yan suka fara zubowa, kore shar, yana tsince su yana tarawa a aljihu. Ganye ya biyo baya. Kafin tsakiyar bazara inuwar da ta rufe rabin gida ta koma ƙirare.

Abu Sakhar ya zo ya kankare ɓawon da farce, a reshe, a gindi, har kusa da saiwa. Ko'ina busasshe.

"Ka ba shi zuwa sanyi," in ji shi. "Lemo taurin kai gare shi, kamar masu gidan."

"Ya mutu, Abu Sakhar. Ni na shayar da shi."

Su biyu suka sare shi. Falah ya hana a ƙona itacen, aka jingine shi a bayan ɗaki.

Yanzu rana tana dukan baho tun safe har yamma, babu abin da ke kare shi. Haitham ya ce a sayar. Falah ya ce ba a haifi mai saye ba. Ruwaida ta ce to in dai ba za a sayar ba dole a cika, don jikinsa ya fara ja da baya, robobin bututu suna bushewa, ya tsage ya zama ba na sayarwa ba na ajiyewa. Wannan gaskiya ce, kuma ya sani.

Wata Talata ya wanke matatar ruwa, ya mayar, ya sa tiyo. Ruwa ya hau a hankali, garau, har kana ƙirga ƙusoshin da ke ƙasa. Ya kunna wuta, ya auna finjali ɗaya. Da yamma ya tsoma takardar gwaji, launi ya fito daidai yadda ake so. Abu Sakhar yana tsaye a gefe yana neman abin faɗa.

"Kai, wannan ruwa ko ango albarka. Teku ta dawo ke nan. Maganar kifina fa tana nan."

Falah ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu har gwiwa. Ya daɗe a haka. Sannan ya zare, ya goge a jikin rigarsa.

"Ruwa ne mai kyau," in ji shi. "Sai dai bai san kowa ba."

Ya kama gefen murfi, ya kasa ja shi kaɗai. Abu Sakhar ya zagaya ya kama ɗaya gefen, suka rufe.